Direban da ya ji tsoron bakinsa

Ban taɓa yarda da mutumin da ya ce ba ya tsoron mutuwa ba. A ganina ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa ciwon da ya wuce mura ba. Shekarun da na yi ina karatu a Kanada ba su rage mini wannan zato ba, ƙara shi ma suka yi. Da na dawo Labasa, garinmu da ke kan tsibiri, na sake zama a gidajen makoki, ina jin ganga da waƙoƙin da na tashi cikinsu, masu cewa jiki tulu ne na ƙasa, rai kuma baƙo ne da zai koma gida. Sai na riƙa jin su kamar fiton mutumin da ke ratsa gonar rake shi kaɗai. Ba don daɗi yake yi ba, don kada ya ji motsin da ke bayansa ne.

Saboda haka da mahaifiyata ta ce mini, tana murza gurasar roti, wai yayanta Girwar ya daina tsoron mutuwa, dariya na yi. Daga ƙauyen Wainikoro har cikin gari babu wanda ya yi suna a tsoron mutuwa kamar Kawu Girwar. Na bi diddigin maganar wajen shi kansa, da wajen abokinsa Jokhan mai aski, da wajen 'yarsa Saroj ta waya. Ga abin da na tattaro.

A gonar rake aka haifi Girwar, kuma tun yana saurayi ya gane shi da adda ba za su shirya ba. Ya gudu gari ya zama yaron mota, daga baya ya zama direban bas, irin mai buɗaɗɗun tagogi da ake sauke wa tamfol in ruwa ya sauko. Fiye da shekara talatin ya yi yana kai da kawo tsakanin Labasa da Wainikoro, kan hanyar da rabinta tsakuwa ce rabinta rami. Da abu biyu aka san shi, kuma duka biyun daga baki ɗaya suke fitowa. A kan hanya ba wanda ya tsira daga zaginsa: saniyar da ta kwanta a tsakiyar titi, direbobin lorin rake, ramuka, da gwamnatin da ta bar ramukan. Ranar Talata kuwa, in mazan unguwa suka taru waƙar ibada, muryar nan ce take tashi har mata su bar hira a bayan gida su yi tsit. In aka yi mutuwa, kafin a nemo itacen ƙona gawa an aika a kira Girwar. Shi ne mai waƙa, Jokhan ne mai ganga. In ya rera cewa mutuwa amarya ce ake rakawa gidan mijinta, sai ka ga matar mamaci ta share hawaye tana gyaɗa kai.

Duk wannan lokacin bai taɓa tunanin waƙoƙin da shi suke ba. Yana ganin na mamatan ne da danginsu.

Wata rana a gidan wani makoki, Pandit Kamta, mai jagorancin addu'o'in yankin, ya yi wa'azin da kowa ya ji har ya gaji. Ya ce abin da zuciya ta riƙe a numfashin ƙarshe, shi rai yake bi. Wanda ya tafi da sunan Ubangiji Ram a bakinsa ya haye, ba zai sake dawowa duniya ba. Wanda kuwa ya tafi yana tunanin saniyarsa, saniya zai dawo, to a tanadar masa ciyawa. Aka yi dariya, Girwar ma ya yi, ya gyara murya ya ci gaba da waƙa.

A cikin makon ne, ana tsakiyar yankan rake, ya hau wata siririyar gada da bas cike da mutane. Wata lori ta gangaro daga tudu ɗauke da kaya har ta fi ƙarfin birkinta. Girwar ya karkatar da sitiyari, lorin ta shafi gefen bas ta wuce, tayar gaba ta tsaya rabinta a kan gada rabinta a iska. Ƙarƙashinta kogi ne. Fasinjoji suka yi ta ihu, wata tsohuwa ta durƙusa tsakanin kujeru tana addu'a, maza suka zo suna dafa masa kafaɗa suna cewa ya ceci rayuka. Shi dai ya zauna riƙe da sitiyari. Ba kogin ne ya razana shi ba. A daidai lokacin da ya tabbata mutuwa ta zo, ya ji abin da ya fito daga bakinsa, kuma ba sunan Ram ba ne. Cewa ya yi, da iyakar ƙarfinsa, “Ɗan akuya!”

Da la'asar ya sami Jokhan a bayan shagonsa yana dama yangona a kwano, garin saiwar nan da maza ke sha da yamma. Ya sha ƙoƙo ɗaya, harshensa ya mutu kaɗan, sannan ya faɗa masa.

“To mene ne a ciki, Bhaiya?” in ji Jokhan, don haka yake kiransa, yaya, ko da yake ba su haɗa jini ba. “Akuya ma ai rayuwa ce. Ba tashin asuba, ba canjin taya, ba matar da za ta tambaye ka ina ka tsaya.”

“Ni da gaske nake, kai kana wasa.”

“Ni ma da gaske nake. Ka ci ciyawarka, ka yi ƙiba. Sai dai ranar Sabuwar Shekara a yi miyar kori da kai. In ka dawo gidana ka dawo, zan sa a zuba maka dankali da yawa.”

“Shekara nawa ina kiran sunan nan, Jokhan? Duk Talata. Duk makoki. Ranar da ake bukatarsa kuma ya ɓace mini kamar ban taɓa jin sa ba.”

“Ai bakinka ya fi sabawa da akuyar,” in ji Jokhan. “Waƙa Talata kawai kake yi, zagi kuwa kullum.”

Wannan magana ta shiga Girwar fiye da wa'azin Pandit. Ya yanke shawara zai horar da bakinsa yadda ake horar da sa ga garma. Ya sayi carbin itacen tulsi, tsiron nan mai tsarki a wurinmu, ya rataya a wuya. Ya bar cin nama, musamman na akuya. Yana kiran sunan yana goge haƙori, yana kira yana canja giya. Amma ya san kiran da ake yi cikin natsuwa ba shi ne gwaji ba. Mutuwa ba ta sallama, don haka dole a gwada shi ba shiri.

Ya je wajen matarsa Sukhraji tana tankaɗe garin alkama.

“Uwar Saroj, so nake ki riƙa razana ni.”

Ta ɗago kai ta dube shi. “Da wanne zan ji, Baban Saroj, da girki ko da haukanka?”

“Ba hauka ba ne. Lahirata ce. Duk lokacin da ba na tsammani, ki yi wani abu da zai firgita ni. So nake in ji abin da zan ce.”

“Ni na san abin da za ka ce. Duk unguwa ta sani.”

Ta ƙi, amma ƙin bai daɗe ba. Da safe yana shan shayi ta saki murfin babbar tukunya a bayansa. Abin da ya faɗa bai dace a rubuta ba. Ta ce ita don lahirarsa take yi, amma Saroj ta gaya mini ba ta taɓa ganin uwarta cikin nishaɗi irin na wancan lokacin ba. Rannan kwaɗo a cikin takalmi, rannan ruwan sanyi ta saman bangon wanka. Tunda kuma faɗa wa Jokhan magana daidai yake da kai ta gidan rediyo, unguwa duka ta shigo taimako. Maƙwabci ya fasa leda a ƙeyarsa. Lokacin bikin fitilu aka jefa masa abin fashewa ƙarƙashin kujera. Shi kansa Jokhan, yana masa aski, aska na kan maƙogwaro, sai ya yi atishawar ƙarya.

Ba a taɓa dacewa ba. Kare ya fito, alade ya fito, uwar wani ta fito, Ram bai fito ba sai bayan an gama dariya, ya zo a makare kamar ɗan sanda.

Abin mamaki, a shekarun nan ne waƙarsa ta makoki ta fi daɗi. Mutane suna cewa Girwar yana waƙa kamar wanda ya leƙa can ya dawo. Ba su yi ƙarya ba, kullum yana leƙawa. A wurin ƙona gawa sai ya tsaya nesa, ta inda hayaƙi ba ya bi, yana tambayar dangi a hankali, “Me ya ce a ƙarshe?” In aka ce sunan Ram ya kira, sai hassada ta kama shi. In aka ce ruwa ya nema, sai tsoro ya kama shi. Ya daina barcin rana, don kada ya mutu yana mafarkin injin bas. Na dare ma sai ya ƙi zuwa. Daga ƙarshe likita ya auna jininsa ya ce ya ajiye tuƙi, ya kuma kira Sukhraji gefe ya ce in ba so take ta zama bazawara ba, ta riƙe murfin tukunyarta da kyau.

Da ya zauna gida sai ya sami lokacin lura da ibadar matarsa, kuma ba ta gamshe shi ba. Sukhraji ba ta iya karatu ba, babu waƙar ibada ɗaya da ta sani daga farko har ƙarshe. Kowace safiya in ta yi wanka sai ta zuba wa tulsin tsakar gida ruwa, ta shiga kusurwar da hoton Ram yake, ta kunna 'yar fitilar mai, ta tsaya. Girwar ya kasa kunne ta bayan labule yana jiran addu'a. Abin da ya ji shi ne:

“Ka dai ga gautan nan, tsutsa ta gama da shi. Na zuba toka, ba ta yi ba. Gwiwar nan kuma jiya ba ta bar ni na runtsa ba. Ita kuma Saroj tun da ta ƙetare teku ta tafi Auckland sai ka ce waya cizo take. Ka ɗan taɓa mata zuciya. Shi kuma wancan da ke laɓe bayan labule, Kai ka san yadda za Ka yi da shi, ni na gaji.”

Ya ɗaga labulen. “Wannan ibada ce ko tsegumi?”

“Shi bai yi ƙorafi ba.”

“Uwar Saroj, ina jiye miki. Da tunanin gauta za ki mutu.”

“To sai in dawo gauta, ka ci ka huta.”

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, shi yana shirin mutuwa, ita tana shirin abincin rana. Kowa ya ɗauka shi zai riga ta, shi ma haka ya ɗauka, har ya tsara wa Jokhan waƙoƙin da za a yi masa. Sai ciwon suga da ta daɗe tana rainawa ya cinye mata ƙoda. Asibiti suka yi iya yinsu, suka ce a kai ta gida. Saroj ta taso daga Auckland.

Girwar ya ga tasa lahirar ta gagara, amma tata ba za ta gagara ba muddin yana tsaye. Duk abin da ya koya a shekarun tsoro ya tattaro shi don wannan rana. Da ya ga numfashinta ya canja, ya sa aka sauko da ita daga gado aka kwantar a tabarma a ƙasa, kamar yadda ake yi. Ya ɗauko ɗan gwangwanin tagulla na ruwan kogin Ganga mai tsarki da wani ɗan'uwa ya kawo daga Indiya tun da daɗewa, wanda ya ɓoye wa kansa, ya fasa hatiminsa ya ɗiga mata a baki. Ya sa mata ganyen tulsi a harshe. Mazan Talata suka cika baranda, Jokhan yana taɓa ganga a hankali. Shi kuwa ya durƙusa ya kafa baki a kunnenta tun hantsi. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙa masa riga, bai motsa ba.

“Ce Ram, Uwar Saroj. Ram. Bi ni. Ram, Ram.”

Saroj ta ce, “Baba, ka ɗan sassauta, tana ji.”

“Ke ba ki san komai ba. Yanzu ne lokacin. Ce Ram! Kada ki tuna komai, kada ki tuna gida, kada ki tuna kowa. Ram kaɗai!”

Can bayan azahar Sukhraji ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa, kallon da take masa in ya dawo daga aiki da maiƙo a riga. Leɓenta ya motsa. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya, ya kai kunne.

“Ka ci abinci kuwa?”

“Bar zancen abinci! Ce Ram!”

Ta juya ido wajen 'yarta. “Saroj, ba ubanki roti. Tun safe bai sa komai a ciki ba.”

Ba ta sake magana ba. Kafin inuwar mangwaro ta kai bakin baranda ta cika.

Girwar bai yi kuka ba. Tunda ba su da ɗa namiji, shi ya sa wuta da hannunsa, ya tsaya cikin hayaƙin da ya yi shekaru yana kauce wa. Aka jira ya ɗauki waƙa, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Jokhan ne ya rera da muryarsa ta kwaɗon damina, wanda har yau ake cewa shi ne abin da ya fi sa mutane kuka a ranar. Abin da ke cin Girwar ba rashin kaɗai ba ne. Ya tabbata ta faɗi gwajin, kuma shi ya kayar da ita. Da ya ci rotin nan da safe, da ba ta tuna da shi ba.

Cikin kwanakin makoki ya tare Pandit Kamta, wanda tsufa ya fara lanƙwasawa, ya ce ya faɗa masa gaskiya: ina take?

Pandit ya ce littattafai sun faɗi abin da ya faɗa a wa'azi, sun kuma faɗi cewa tunanin ƙarshe amfanin abin da mutum ya shuka ne a rayuwarsa duka, kuma leɓe ba shi ne zuciya ba.

“Pandit, ba wa'azi nake so ba. Amsa nake so.”

“Na kusa tafiya,” in ji Pandit. “In na je na gani zan aiko maka.”

Jokhan yana gefe yana jan tabarmi. Ya kasa haƙuri. “Ai lissafin a fili yake, Bhaiya. Mai tunanin saniya ya dawo saniya. Bauji matarka kuwa kai ta tuna. Ke nan Girwar za ta dawo.” Ya girgiza kai. “Baiwar nan me ta yi wa duniya? Ai gara akuyar.”

Mutane suka sunkuyar da kai, ba su san ko a yi dariya ba. Girwar ya tashi ya shige ɗaki, ya yi mako bai yi wa Jokhan magana ba.

Saroj ta so ta tafi da shi Auckland, ya ƙi. Ta ce to abu ɗaya take roƙo, kada ya bar tulsin uwarta ya bushe, kada kuma kusurwar nan ta kwana biyu ba fitila. Ya yi alkawari don ta bar shi ya huta.

Washegarin tafiyarta ya yi wanka, ya zuba wa tulsi ruwa, ya shiga kusurwar. Bai taɓa tsayawa a wurin shi kaɗai ba. Hayaƙin fitilarta na shekaru ya baƙanta gilashin hoton, sai wani ɗan da'ira a tsakiya inda take gogewa da bakin mayafi don fuskar ta fito. Ya kunna fitila, ya gyara tsayuwa, ya nemi waƙar da ta dace da safiya. Ya san su fiye da ɗari. Ko ɗaya ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallon fuskar nan mai murmushi, murmushin ya fara ba shi haushi.

“Ina Ka kai ta?” in ji shi.

Ya matsa kusa da hoton.

“Da Kai nake. Shekara arba'in da wani abu matar nan tana tsaye a nan kafin ta sa ko ruwa a bakinta. Gwiwa na ciwo, tana tsaye. Ranar da guguwa ta yaye mana rufi, hotonKa ta fara ɗauka kafin bargo. Yanzu saboda roti biyu za Ka ce ba Ka san ta ba? Wane irin mai gida ne Kai? Ko direban lori ya fi Ka kunya!”

Ya ci gaba, kuma ya gaya mini cewa duk kalmomin da ya yi shekaru yana danne su sun fito a safiyar nan, a gaban fitila, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya tsaya yana haki, yana jiran rufi ya faɗo masa ko zuciyarsa ta tsaya. Ya lura, can a gefen tunaninsa, cewa in ta tsaya a lokacin bai damu ba, don yana da sauran magana kuma gara a yi ta ido da ido. Rufi bai faɗo ba. Zakaran maƙwabta ya yi cara. Ya fita ya dafa shayi, ya ƙone bakinsa.

Washegari ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Jibi ma haka. A hankali faɗan ya fara gaurayuwa da wasu abubuwa. Ya kai ƙarar wake da ya kama a tukunya, ya kai ƙarar tsutsar gauta, wadda ashe ba ta mutu da mai gonar ba. Ya tambaya yadda ake murza roti ya fito da'ira, don nasa kullum kamar taswirar tsibirinmu yake fitowa. Sai ga shi yana maganar a bakin rijiya, yana yi a hanyar kanti. Ya gane dalilin da ya sa take daɗewa a kusurwar nan. Wata rana bayan abincin rana barci ya sace shi a kujerar baranda, ya farka da la'asar sakaliya, carbi a ƙasa, yawu a haɓa. Sai da ya wanke fuska ya tuna ya kamata a ce ya tsorata.

Ya je aski. Jokhan ya ɗaura masa ƙyalle, ya fara shafa kumfa.

“Na yi tunani,” in ji Girwar. “In Ya kore ta saboda ta tambayi cikina, to ba ni da sha'awar zuwa gidanSa. Gara in bi ta duk inda take, ko garke ne. In kuwa bai kore ta ba, to me nake ta haddacewa shekara da shekaru?”

“Ai na faɗa maka haka tun ranar gada.”

“Ƙarya kake. Dankali ka ce za ka zuba mini.”

“Ma'anar ɗaya ce, kai ne ba ka da zurfin fahimta. Ɗaga haɓa.”

Bara zuciyar ta yi abin da likita ya daɗe yana faɗa. Yana cikin kasuwar Labasa yana taya kabewa, ya dafe ƙirji ya zube. Ya ce wani abu kafin ya suma, kowa ya yarda da wannan. Mai kabewar ta rantse sunan Ram ya kira. Wani mai tura baro ya ce shi dai sunan wata dabba ya ji. Jokhan, wanda ba ya wurin, ya fi kowa tabbaci, kuma yana bayan mai baro. Da Girwar ya farfaɗo a asibiti aka zo ana gardamar a gabansa, ana jira ya raba. Ya ce bai tuna ba, ya tambaya ko wani ya ɗauko masa kabewarsa.

Ya koma waƙar makoki, ko da yake muryar ta yi rauni, kuma ya daina tambayar abin da mamaci ya ce. Yanzu har kiransa ake yi tun kafin rai ya fita, abin da a da ko da kuɗi ba zai je ba. Yakan zauna a ƙasa kusa da tabarma ya rera a hankali. In mai jinya ya ce saniyarsa yake tunani, sai Girwar ya ajiye waƙar ya tambaye shi ko ta haihu.

Na same shi a baranda da safe yana gyaran wake a faranti. Ban je da niyyar yarda ba, kuma ban dawo da ita ba. Mai yiwuwa baƙin ciki ne ya danne tsoron, mai yiwuwa tsufa ne da gajiya, waɗanda suke yi wa marasa addini ma wannan aikin. Na kuma ga yana shan ƙwayoyinsa a kan lokaci, ba kamar mai gaggawar tafiya ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ɗan Kanada, ai wanda ba ya tsoron hanya ma yana duba taya.

Na ce, “To Kawu, in ranar ta zo da gaske, bakinka ya sake cin amanarka, ba ka kira Shi ba fa?”

Ya tsince wani ɗan dutse daga cikin waken ya jefar. “Akwai igiya a bas ɗina, mai ƙararrawa. Baƙo ne yake ja in zai sauka, in bai ja ba in wuce da shi. Amma wanda yake hawa kullum, muna gaisawa, muna faɗa, ko barci ya yi na san ƙofar gidansa. Tsayawa nake in ce kai, ɗan banza, tashi, an zo.”